Cuta ba ta da ƙafa: yadda ake bin sawun matafiya don tarbar annoba

Duk wanda ya taso a karkarar ƙasar Hausa ya san abin da ke biyo bayan kaka. Gero ya shiga rumbu, an sayar da ɗan wake an rage bashi, sai samari da magidanta su ɗaure 'yan komatsansu su nufi birni cin rani, wasu har da iyali. Ba sa waiwayo gida sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tun kaka da kakanni haka ake yi, kuma ba a saba ganin wani ya tsaya bakin gari da biro yana ƙirga su ba.

A 2011 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Nita Bharti ta Jami'ar Princeton suka ƙirga su daga sama. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne ƙyanda. A Yamai da Maraɗi da Damagaram cutar kan taso da rani ta lafa da damina, shekara bayan shekara. A Turai an saba danganta irin wannan da buɗe makarantu, to amma a Nijar yawancin yaran da ke kamuwa ba su isa shiga aji ba. Sai suka ɗauko hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare, suka auna hasken garuruwan uku wata bayan wata. Da rani hasken lantarki da na murhu ya ƙaru, da damina ya dushe. Da suka jera shi kusa da alƙaluman ƙyanda, sai ga su suna tashi tare suna sauka tare. Ashe cikowar 'yan cin rani ce ke cunkushe unguwanni har cutar ta samu abin kamawa. Mai shirya allurar riga-kafi da ya san haka ya san watan da zai fito, ya kuma san cewa yaran da zai tarar sun fi waɗanda ke cikin rajistarsa yawa.

Wannan shi ne tushen maganar baki ɗaya. Cuta ba ta da ƙafa, ta mutum take ara. Murar 1918 a jirgin ruwa ta sauka Legas cikin watan Satumba, daga nan ta bi layin dogo da kogi ta yi arewa. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne matafiyi na barin sawu a wuraren da bai sani ba, kuma akwai masu iya karanta sawun.

Sawun nan iri-iri ne. Akwai na dauri: ƙidayar jama'a, rajistar kan iyaka, tikitin jirgin sama. Akwai na masu tsayawa bakin hanya, irin ma'aikatan hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, waɗanda tun 2016 suke ƙirga motoci da fasinja a Arlit da Seguedine, daga baya aka ƙara wurare irin su Ɗan Isa da Magarya a kan iyakar Najeriya. Sai kuma wanda ya fi jan hankalin masana, wato bayanan wayar salula. Duk lokacin da ka buga waya ko ka tura saƙo, kamfani na rubuta lokacin da kuma ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauke ka, don lissafin kuɗinsa. Idan layi ya kwana jiya ƙarƙashin ƙarfen Funtuwa, yau ya kwana ƙarƙashin na Agege, ba sai an tambayi mai shi ba, an san ya yi tafiya. A cire lambobin, a tara layuka miliyoyi wuri guda, sai taswira ta fito: daga gari kaza zuwa gari kaza, mutum kaza a mako.

Inda aka fara ganin ƙarfin wannan dabara a fili shi ne Haiti. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu 2010, masu binciken da daga baya suka kafa ƙungiyar Flowminder sun karɓi bayanan layuka miliyan 1.9 daga kamfanin Digicel, suka ƙiyasta cewa mutum 630,000 sun bar Port-au-Prince cikin kwana 19, suka kuma nuna lardunan da suka nufa. Da kwalara ta ɓarke a watan Oktoba, cikin sa'o'i 12 da samun bayanai suka sanar da masu agaji garuruwan da mutanen yankin cutar suke kwarara, domin a kai ruwan gishiri da sukari da maganin tsarkake ruwa kafin marasa lafiya su fara faɗuwa. Wani abin lura a gefe: tafiyar da ta kawo kwalara Haiti tun farko ba ta talakan da girgiza ta kora ba ce. Sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka zo da ita daga Nefal, kuma sai a 2016 babban sakataren majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar 'yan ƙasar.

Korona ta zo ta tarar da dabarar ta nuna. Ranar 31 ga Disamba 2019 wani kamfanin Kanada mai suna BlueDot ya ankarar da abokan hulɗarsa game da baƙuwar cutar huhu a birnin Wuhan na ƙasar Sin, sannan ya duba tikitin jiragen da ke tashi daga birnin ya jera inda za ta fi saurin ɓulla. Bangkok na sahun gaba. Ranar 13 ga Janairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko a wajen Sin, a Tailan. Hukumomin Sin sun rufe Wuhan ranar 23 ga wata, kwana biyu kafin bikin sabuwar shekararsu, lokacin da kowa ke haramar komawa garinsu kamar yadda tashoshinmu ke cika a jajibirin sallah. Magajin garin ya ce mutum wajen miliyan 5 sun riga sun fice. Wani bincike da ya bi tafiye-tafiye fiye da miliyan 11 na masu waya daga Wuhan zuwa gundumomi 296 ya gano cewa yawan baƙin da gunduma ta karɓa daga Wuhan ya fi girmanta ko arzikinta ko kusancinta nuna yawan masu cutar da za a samu a can. Har ma in aka ga gundumar da masu cutarta suka zarce abin da baƙinta za su iya kawowa, an san cutar ta zauna da gindinta, tana yawo tsakanin 'yan gari.

Wani lissafin kuma, na wancan lokacin, ya nuna rufe Wuhan bai jinkirta yaɗuwar cutar a cikin Sin da fiye da kwana uku zuwa biyar ba, ko da yake ya rage fitarta ƙasashen waje sosai na 'yan makonni. A ganina darasin da ya fi kowanne nauyi ke nan, kuma shi aka fi yin biris da shi. Taswirar tafiye-tafiye ta ƙware wajen gaya maka inda za ka kai gadaje da kayan gwaji da ma'aikata. In ka mayar da ita jerin ƙofofin da za a garƙame, sau da yawa ihu ne bayan hari.

Akwai ma abin da ya fi haka: sanar da kulle kansa yana haifar da tafiya. Daren 7 ga Maris 2020, da labarin rufe yankin Lombardi na Italiya ya fita kafin lokaci, mutane suka yi dafifi a tashoshin jirgin ƙasa na Milan suna neman hanyar kudu. A Faransa kamfanin waya na Orange ya ƙiyasta cewa kashi 17 cikin 100 na mazauna Paris da kewaye, fiye da mutum miliyan ɗaya, sun bar yankin cikin mako guda. Waɗannan galibi masu gidan hutu ne ko masu iyaye a ƙauye. A Indiya lamarin ya sha bamban. Ƙarfe takwas na daren 24 ga Maris Firaminista Narendra Modi ya sanar da kulle ƙasa baki ɗaya, ya ba da sa'o'i huɗu kacal. Aka tsayar da jiragen ƙasa da motocin haya. Leburorin gini da masu tura kura da ma'aikatan ƙananan masana'antu, waɗanda abin da suka samu yau shi za su ci gobe, suka wayi gari ba aiki ba kuɗin haya. Sai suka kama hanya a ƙafa, da yara a wuya da ƙunshi a ka, wasu ɗaruruwan kilomita. Ranar 8 ga Mayu jirgin dakon kaya ya bi ta kan 16 daga cikinsu kusa da Aurangabad, gajiya ta sa sun kwanta barci a kan layin dogo. A watan Satumba ma'aikatar ƙwadago ta shaida wa majalisa cewa fiye da ma'aikata miliyan 10 sun koma jihohinsu, amma ba ta da alƙaluman waɗanda suka mutu a hanya. Ƙasar da ta yi suna wajen ilimin kwamfuta ba ta san yawan 'yan cin raninta ba, sai a watan Agusta 2021 ta buɗe musu rajista ta ƙasa.

Me ya sa taswirorin zamani ba su hango su ba? Amsar tana cikin yadda ake haɗa su. Ranar 3 ga Afrilu 2020 Google ya fara fitar da rahoton zirga-zirga na ƙasashe 131, yana nuna yadda zuwa kasuwa da tasha da wurin aiki ya ragu ko ya ƙaru idan aka kwatanta da farkon shekara. Gwamnatoci da 'yan jarida suka yi ta kafa hujja da shi. Sai dai wanda ke cikin lissafin shi ne mai babbar waya, mai data, wanda kuma ya kunna wurin adana tarihin inda ya je. A Legas ko Delhi wannan shi ne ma'aikacin banki da zai iya aiki daga ɗaki. Ya zauna gida, jadawali ya nuna gari ya bi doka, alhali mai ƙaramar waya 'yar tocila yana cikin bayan tirela ƙarƙashin tamfol.

Bayanan kamfanonin waya sun fi wannan faɗi, tunda ko ƙaramar waya tana barin sawu, amma su ma layi suke ƙirgawa. Ɗan kasuwa guda yana da layi uku saboda sabis ɗin wannan ya fi na wancan a ƙauyensu. Gida guda mai mutum goma sha biyu waya ɗaya gare su, tana aljihun maigida. Makiyayi na iya kwana uku a daji bai ratsa ƙarƙashin ƙarfe ko ɗaya ba. Mata da yara da tsofaffi su ne suka fi ɓacewa. Don gyara wannan karkata sai an auna sakamakon da ƙidayar jama'a mai inganci, ga shi kuma rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006.

Gana ta ɗan yi abin a yaba, kuma sirrin ba wani abu ba ne illa shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2018 hukumar ƙididdigar ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da Vodafone da Flowminder, an daddale wa zai taɓa bayanai da yadda za a ɓoye masu layuka. Don haka da aka rufe Accra da Kumasi ranar 30 ga Maris 2020, a farkon Afrilu rahoton farko ya fito yana nuna yadda motsi ya sauya tsakanin gundumomi. A lokacin Ebola ta 2014 kuwa an ɓata watanni ana ja-in-ja tsakanin masu bincike da kamfanoni da hukumomi a kan wa ke da ikon sakin irin waɗannan bayanai, cuta na ci gaba da cin rayuka. Amma ko a Gana, a daidai ranakun ne jami'an tsaro suka tare manyan motocin kaya a Ejisu suka tarar da mata 'yan dako, waɗanda ake kira kayaye, a ɓoye ciki suna neman komawa Walewale a arewa. Duk wanda ya san kasuwannin Accra ya san mata ne masu kwana a bakin shaguna, kuma in aka rufe kasuwa ba su da abin da zai riƙe su kwana biyu. Wannan sanin ba ya buƙatar tauraron ɗan'adam, tambayar shugabanninsu kawai yake buƙata kafin a sanar da doka.

Mu ma namu ya faru a gabanmu. An ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, sai ɓarauniyar hanya ta buɗe, kuɗin mota ya ninka, masu tafiya suka ƙara cunkushewa a motocin kaya. A lokacin iyakokin ƙasa na tudu suna rufe tun Agusta 2019, amma wanda ya san Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san rufe ƙofar kwastan ba ya hana babur ratsa gona. Mafi ban takaici shi ne na almajirai. A watan Afrilu gwamnonin arewa suka yanke shawarar kowace jiha ta mayar da yaran da ba nata ba jihohinsu na asali. Aka loda yara a motoci ana tsakiyar annoba, a lokacin da Kano ke fama da yawan mace-macen da daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga 979 kuma fiye da rabinsu na iya kasancewa na korona ne. Gwamnatin Kaduna ta sanar cewa gommai daga cikin yaran da aka kawo mata daga Kano suna ɗauke da cutar. Yaran nan ba su da waya, ba su cikin rajistar makaranta, babu taswirar da ke ɗauke da su. Hukumomin da ke gargaɗin jama'a su zauna gida su ne suka shirya ɗaya daga cikin manyan tafiye-tafiyen wannan lokaci.

Abin mamaki, ƙasar nan ta san yadda ake yi. A yaƙi da shan inna an zana rugage da ƙauyukan da ba su cikin kowace taswira ta hanyar hotunan sama, an ba masu ɗigon riga-kafi wayoyi masu nuna unguwannin da suka taka, an kafa ma'aikata a tashoshin mota da kasuwannin mako da mashigar iyaka don yaran matafiya. Da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka Legas da Ebola ranar 20 ga Yuli 2014, mutanen wannan tsari ne suka koma bin sawu: mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, ziyara wajen 18,500 ƙafa da ƙafa, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da ita.

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙirga jimlar masu tafiya daga gari zuwa gari daban, bin mutum guda da sunansa daban. Na biyun yana da haɗari, kuma na farkon ma bai tsira gaba ɗaya ba: wani bincike na 2013 a kan masu waya miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutane, ko da an goge sunayensu. Yanzu da aka haɗa layukanmu da lambar ɗan ƙasa, batun ya ƙara nauyi. Isra'ila ta sa hukumar leƙen asirinta ta cikin gida bin wayoyin masu cutar har kotun ƙoli ta taka mata birki. Singafo ta yi wa jama'a alkawarin cewa manhajar TraceTogether don cuta kawai aka yi ta, sai a Janairu 2021 ta amsa cewa 'yan sanda na iya karɓar bayanan, abin da ya tilasta yin sabuwar doka cikin gaggawa.

Ga baƙo marar takarda kuwa, wannan batun kwana a gida ne ko kwana a sansanin tsare mutane. Maleshiya ta kira baƙin haure su fito gwaji ba tare da tsoro ba, sai a watan Mayu 2020 aka kai samame unguwannin Kuala Lumpur da ke killace aka kwashe ɗaruruwa. Bayan wannan wa zai sake ba da adireshinsa na gaskiya? Fotugal ta bi wata hanyar: a ƙarshen Maris ta ce duk wanda takardar neman zamansa ke jiran amsa a ɗauke shi mazauni na ɗan lokaci, ya je asibiti kamar kowa. A Singafo ɗin dai, inda aka yi ta yabon iya bin sawu, cutar ta ɓarke ne a ɗakunan kwanan ma'aikata baƙi, mutum goma ko fiye a ɗaki. Zuwa Disamba 2020 gwaji ya nuna kashi 47 cikin 100 na mazaunansu kimanin 323,000 sun kamu. Ba su je ko'ina ba. Hukuma ta san yawansu da ƙasashensu da lambar fasfonsu, abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne yadda suke kwana.

Ƙasashe ma kan sha irin abin da baƙo ke sha. Da masanan Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in korona mai suna Omicron a ƙarshen Nuwamba 2021, ladansu shi ne rufe musu hanyoyin jirgi. Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin hani daga 6 ga Disamba, ta soke jerin baki ɗaya ranar 15 ga wata don cutar ta riga ta cika mata gida. Holan kuma ta gano nau'in a samfuran da aka ɗauka tun 19 da 23 ga Nuwamba, kafin a rufe komai.

Yau yawancin taswirorin da aka dogara da su sun tafi. Apple ya daina fitar da nasa a Afrilu 2022, Google ya bi baya a Oktoba. Nasu ne, sun ba da aro, sun karɓe. Abin da ya rage hannun ƙasashe irin namu shi ne yarjejeniya da kamfanonin waya in an ƙulla ta tun ana zaman lafiya, masu ƙirga a bakin hanya, sarakunan tasha da na zango da alarammomi da arɗo-arɗo waɗanda suka san wa ya zo wa ya tafi, sai kuma takardun da muke cikewa kullum ba tare da kowa ya karanta ba.

Kwanakin baya na hau mota a wata tasha. Da ta cika, ɗan kamasho ya miƙo takardar sunayen fasinja da biro: "Alhaji, sa suna da lamba ka miƙa baya." Na rubuta nawa. Matashin da ke gefena ya rubuta wa wasu dattawa biyu, ɗayan ya ce ba ya riƙe lambarsa a ka, sai matashin ya sa tasa sau biyu. Wata baiwar Allah a kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, ni ba ni da waya," aka bar gurbinta fari. Wurin rubuta inda za a sauka, kowa ya sa sunan babban gari, alhali rabinmu a hanya suka sauka, wasu huɗu kuma suka hau a hanya ba wanda ya tambaye su suna. Da muka tsaya sallar la'asar direba ya buɗe gaban mota zai duba baƙin mai, ya laluba bai samu tsumma ba, sai ya zaro takardar daga saman gilashi ya goge sandar awon da ita.